Kariyar da ke sa agogon masu auna manhaja rawa

Duk wanda aikinsa ya haɗa da auna saurin manhaja ya san wannan ciwon kai. A kunna shiri ya gama aikinsa, a sake kunna shi nan take a kwamfuta ɗaya, da bayanai iri ɗaya, ko harafi ba a taɓa ba, sai lokacin ya bambanta. Mai wannan rubutu ya sha ganin matasan injiniyoyi na murnar sun ƙara wa manhaja gudu, alhali ba abin da ya canza sai wurin zaman sitak.

Sitak yanki ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta inda shiri ke ajiye ƙananan bayanan da yake aiki da su, haɗe da adireshin da zai koma idan ya gama wani ɗan aiki. A da, wurinsa sananne ne, masu kutse kuwa suka samu nama. Sai su ɗura wa shiri bayanai fiye da abin da ya tanadar wa wuri, bayanan su malala su shafe adireshin komawa, shiri ya bi inda aka nuna masa. Tsutsar kwamfuta ta Morris ta 1988 ta bi ta irin wannan ɓaraka, kuma a 1996 Aleph One ya bayyana dabarar dalla-dalla a mujallar Phrack.

Maganin da aka samo shi ne ASLR: duk lokacin da aka kunna shiri, kanel, wato zuciyar babbar manhajar kwamfuta, ya jefa ƙuri'a ya sauya wa sitak wuri, kamar mai gida da ke sauya wa akwatin kuɗinsa ɗaki kowane dare. Masu aikin PaX ne suka fito da shi a 2001, OpenBSD ta ɗauka a 2003, Linux a 2005, Windows Vista ta biyo baya.

Jefa ƙuri'ar ba ta cin lokaci, sau ɗaya ake yi wajen tashi. Matsalar tana cikin furosesa.

Furosesa ba ta ɗauko bayani bayit ɗaya-ɗaya. Layi-layi take kwasowa, kowane layi bayit 64, ta zuba a ƙaramar ma'ajiyarta mai sauri da ake kira kash. A furosesocin Intel da yawa, kash na farko kilobayit 32 ne, an raba shi rukuni 64, kowane rukuni na ɗaukar layi 8, kuma adireshi ne ke yanke wa layi rukunin da zai shiga. To, Linux a kan x86 yana gusar da kan sitak da tazarar da ba ta kai bayit 8192 ba, sannan ya daidaita shi a kan ninkin 16. Sha shida kuwa ba sittin da huɗu ba ne. Jerin lambobi mai bayit 32 yau ya zauna cikin layi ɗaya, gobe ya ratsa biyu. Yau bayanan sitak su samu rukuni da sarari, gobe su faɗa inda ake cunkoso, suna korar juna.

Akwai kuma wani abin haushi. Idan shiri ya rubuta a wani adireshi, ya karanta daga wani dabam wanda bit 12 na ƙarshensu suka zo ɗaya, furosesar Intel kan yi zaton wuri ɗaya ne, ta ɗan dakata. Dakatawar ba ta taka kara ta karya ba, amma a madaukin da ke juyawa sau biliyan, tana fitowa a agogo.

A 2009, Todd Mytkowicz da abokan bincikensa sun nuna girman lamarin a taron ASPLOS. Ba su taɓa shirin ba, sun dai riƙa ƙara tsawon bayanan muhalli da Unix ke ɗorawa a saman sitak, wanda ke gusar da shi. Saurin wani ɗan shirin gwaji ya riƙa canzawa da kusan kashi 33 cikin ɗari. Suka duba maƙalu 133 na manyan taruka, ba su samu wadda ta kula da wannan yadda ya kamata ba. A 2013 kuma Charlie Curtsinger da Emery Berger suka ƙera Stabilizer, mai sake yamutsa adiresoshi yayin da shiri ke gudu, suka gano ribar da ake cewa matakin inganta manhaja na -O3 na bayarwa a kan na -O2 ba a iya bambanta ta da rawar awo.

Nan ne wasu ke kuskure. Ganin awo na rawa, sai su rubuta 0 a saitin Linux na randomize_va_space su kashe kariyar. Awon zai tsaya cak, gaskiya ne, amma a kan sa'a ɗaya ya tsaya, mai kyau ko mummuna, kuma da an canza sunan babban fayil sai ta juya. Wajen farautar kuskure a shiri kashewar na da amfani, shi ya sa GDB, shirin farautar kuskure, ke kashe ta da kansa, kuma umarnin setarch -R na yin haka ga shiri guda kawai.

Mai auna sauri ya bar ASLR a kunne, ya maimaita gwaji sau da yawa, kowane karo da sabon tashi, ya duba faɗin bambancin kafin ya yi shelar nasara. Uwar garken da jama'a ke shiga kuwa, a bar mata randomize_va_space a 2, wato kariyar a kunne.