Amsar Tambaya: Abin Sauraro na Kunne da Kuɗi Kaɗan

Ga mai ƙaramin ƙarfi da ke son jin waƙa a gida a Tibati, abin sauraro mai waya ya fi dacewa: ba ruwansa da caji in an ɗauke wuta, kuma a farashi ɗaya yakan fi na Bluetooth tsabtar sauti. A duba kwali, ohm 32 ko ƙasa da haka ya ishi wayar hannu, muddin tana da ramin milimita 3.5. Kasuwannin Ngaundere da Garwa sun fi zaɓi, sai dai akwai jabun manyan kamfanoni. A gwada da waƙar da aka sani kafin a biya: in kalangu ya danne muryar mawaƙi, a ajiye abin sauraron. Soson kunne na yadi ba ya tara gumi kamar na leda.