Yadda Ake Yi wa Waya Filashin Ta Sake Tashi

Wayar da aka kunna ta nuna tambarin Tecno ko Itel ta tsaya cak, ko ta yi ta mutuwa tana farfaɗowa, sau da yawa babu abin da ya ƙone a cikinta. Manhajar da ke tada ta ce ta lalace. Masu gyaran salula a Magariya da Dungas na ƙasar Nijar suna maganin wannan da abin da suke kira filashin, wato sake rubuta manhajar a kan ma'ajiyar wayar, wadda ke riƙe abin da aka rubuta mata ko an cire batir.

Waya hawa-hawa take tashi. Da an danna maɓalli, ƙwaƙwalwarta tana karanta wani ɗan umarni da aka dasa mata tun daga masana'anta, wanda ba ya gogewa. Shi ke leƙa farkon ma'ajiya ya ɗauko firiloda. Firiloda ta shirya ƙwaƙwalwar aiki ta kira butloda, butloda kuma ta ɗora zuciyar Linux, sannan Android ya bayyana. Kowanne sai ya sami na gabansa a daidai gurbinsa. Haka dikoda da na'urar raba intanet suke tashi, sai dai a yawancinsu U-Boot ce butlodar.

Aiki na farko shi ne tantance waya. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen ne ke ƙera Tecno da Itel da Infinix, amma ƙwaƙwalwar wasu ta MediaTek ce ta Taiwan, ta wasu kuma ta Unisoc. Ana duba lambar samfurin a ƙarƙashin batir ko a kwali, a rubuta lambar IMEI mai alƙaluma 15. Wayar da ke ɗaukar layi biyu, kamar yadda mutanen bakin iyaka ke haɗa layin Nijar da na Nijeriya, lambobi biyu gare ta. A nan ne kuma ake faɗa wa mai ita gaskiya cewa hotuna da saƙonninsa na iya tafiya.

Daga nan sai neman manhajar da ta dace da wannan samfurin tak. Kamanni bai isa ba, domin wayoyi biyu masu suna ɗaya na iya bambanta a ciki. Fayil ɗin yakan wuce gigabait 1, shi ya sa mai gyara ke adana duk wanda ya sauke.

Ga waya mai MediaTek, ana buɗe SP Flash Tool a kwamfuta, a loda fayil ɗin sikata. Wannan fayil taswirar ma'ajiya ce: yana nuna inda kowane sashe ya fara da yawan filin da ya ci, kamar iyakokin gonaki. Sunansa na ɗauke da lambar ƙwaƙwalwar, misali MT6580, kuma dole ta zo daidai da ta wayar. Masu Unisoc suna da tasu manhajar, da fayil guda mai ƙarshen pac.

Nan ne wurin natsuwa. Idan wayar tana nuna tambari, firilodarta lafiya lau take, don haka a cire alamar da ke gabanta a jerin sassan da SP Flash Tool ya nuna, kada a taɓa ta. Firilodar da ba tata ba tana iya kashe waya murus, ko caji ta daina nunawa. Sannan a zaɓi Download Only. Zaɓin Format All yana share sashen da ke riƙe IMEI, sai waya ta tashi tsaf amma ta ƙi kama Airtel ko Moov ko Zamani. Gaggawa a wannan gaɓa ta fi kowane kuskure tsada.

Sai a kashe wayar gaba ɗaya, a danna maɓallin saukewa a kwamfuta, sannan a jona kebul. Jan layi zai fara gudu a ƙasan allo, rawaya ya biyo baya, a ƙarshe koriyar alama ta fito. Tsakanin nan ba a motsa waya. Ƙurar hunturu takan cika bakin caji har kebul ya riƙa sakewa, saboda haka ana share shi tukuna, a yi aiki da kebul mai kyau irin wanda ake sarowa daga kasuwar Farm Centre ta Kano. Kwamfutar cinya mai cikakken batir ta fi ta tebur aminci, domin ɗaukewar wuta ba ta katse mata rubutu.

Tashin farko yakan ɗauki mintoci, kada a ɗauka ta sake maƙalewa. Idan ta buɗe, a danna *#06# a gwada lambobin da waɗanda aka rubuta, a sa layi a buga kira. Sai kiran ya shiga ake miƙa waya ga mai ita.