Koyar Da Sauyin Yanayi A Ƙauye

'Yan'uwana ɗalibai, ga wani darasi da na gwada a lokacin koyon aikin malanta. Manomi ba ya sake al'adarsa don lacca, sai ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

Da fari, lalle malami ya san tushen maganar. Ƙona kwal da man fetur da dazuzzuka yana ƙara wata iska a sama, sunanta kabon dayoksaid, ita kuwa tana tsare zafi kamar bargo. Daga wajen 1850 zuwa yau zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1. Kaɗan ne a kunne, amma ya isa ya rikita damina.

To, sai ka raba mutane kashi 3, ka haɗa yara da manya a kowane.

Kashi na ɗaya su ja layi a ƙasa, su jera duwatsu, kowane dutse shekara guda. Baƙi na fari ne, ja na ambaliya. Dattawa su ne littafin wannan kashi. Za ka ji sun ambaci farin 1973 da na 1984, samari kuma su kawo ambaliyar 2012 da ta 2022.

Kashi na biyu su cika faranti 2 da ƙasa, ɗaya tsirara, ɗaya a rufe da ciyawa. Su jingina su, su zuba ruwa daidai wa daida, su tari abin da ya gangaro. Na tsiraran zai fito jawur, ya kwashe ƙasar. A wurina wata tsohuwa ce ta fara cewa haka gonarta ta ke yi in an yi ruwa mai ƙarfi.

Kashi na uku su kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, su riƙa auna ruwan sama da rula kowace safiya, suna rubutawa. Amma ka gargaɗe su: damina ɗaya ba ta nuna sauyin yanayi. Masana su kan duba lissafin shekara 30.

Sa'an nan kowane kashi ya bayyana wa sauran abin da ya gano, malami ya yi shiru.

Kada ka ruɗe su. Mafi yawan hayaƙin nan daga ƙasashe masu manyan masana'antu ya ke, ƙauye ɗaya ba zai tsai da shi ba. Amma ƙauye yana iya kare gonarsa. Manoman Maraɗi, a Nijar, tun wajen 1984 suka fara barin kututture ya tofo maimakon sarewa, har itatuwa suka komo gonakinsu. Saboda haka kada taro ya watse sai an yanke aiki ɗaya, an sa ranarsa, an kuma faɗi wanda zai riƙe shi.