Darasin Labarin Ƙasa: Ƙauyen Da Hanya Ta Raya

Sau da yawa a cikin aji na kan tambayi ɗalibai, me ya sa mutane su ke kafa gari a wuri kaza, su bar wuri kaza? Kullum amsa uku na ke samu, watau ruwa, da ƙasar noma, da tsaro. Duk daidai ne, amma akwai ta huɗu wadda a kan manta, ita ce hanya. Saboda haka na ga ya kamata in ba ku labarin wani ɗan ƙauye da na taka da ƙafata a ƙasar Sifen, wanda in ba don hanya ba da tuni ya zama kufai. Mai taswirar Turai ya ɗauko ta, mu tafi tare.

Inda Ƙauyen Ya Ke

Ku dubi kusurwar arewa maso yamma ta Sifen, za ku ga jihar Galisiya da birninta Santiyago. Masu ziyara sun gaskata a nan ne kabarin Yakubu ya ke, ɗaya daga cikin almajirai goma sha biyu na Isa Almasihu. Tun ƙarni na 9 a ke zuwa wurin a ƙasa. Babbar hanyar ta taso ne daga iyakar Faransa, tsawonta wajen kilomita 780, watau tafiyar wata guda ga mai ƙarfin ƙafa. Wanda duk ya ji labarin mutanenmu na dā da suka ratsa Barno da Wadai da Darfur zuwa Makka a ƙasa, ya san irin wannan tafiya ba ta yiwuwa sai da zango, inda matafiyi zai sami wuta da ruwa da wurin sa haƙarƙari.

To, kafin hanyar nan ta shiga Galisiya sai ta haye waɗansu duwatsu, a daidai mashigin kuwa akwai zango. A taswira an rubuta shi O Cebreiro, mu kuwa sai mu ce Sebirero. Tsayinsa bisa teku wajen mita 1,300 ne, ya ɗara Jos kaɗan ke nan. Daga nan zuwa Santiyago saura kamar kilomita 150.

Kuskuren Malamin Labarin Ƙasa

Ni ba ziyarar ibada ta kai ni ba, na je ganin ƙasa ne, cikin watan Satumba. Na sauka a gindin dutsen, a wani ƙauye mai suna Las Herrerías, ma'anarsa Maƙera. Na shimfiɗa taswira, na auna da zare, na ga kilomita 8 ne kurum zuwa Sebirero. Na ce a raina, "Wannan ai awa ɗaya da rabi ce." Na ba mota babbar jakata ta wuce da ita, da rigar ruwa da rigar sanyi duk a ciki. Rana kuwa na dukan ƙeya, na yi zamana ina shan inuwa, ban tashi ba sai ƙarfe huɗu.

Kun ga kuskurena? Na auna nisa, ban ƙirga layukan da ke nuna tsayi ba. Da na duba, da na ga sun matsu da juna kamar zaren saƙa, gama tsakanin ƙauyukan nan biyu akwai hawa na wajen mita 600. Wani Bature mahayin duwatsu na ƙasar Sikotilan, William Naismith, ya ba da ƙa'ida tun 1892: a ba kowane kilomita 5 awa guda, sa'an nan a ƙara awa guda saboda kowane mita 600 na hawa. In kun buga lissafin za ku sami awa biyu da minti 36, wannan kuwa ga ƙaƙƙarfa ne wanda ba ya tsayawa hutu. Ni da na ke koyar da ƙa'idar, ni ne na manta da ita ranar da ta ke da amfani.

Da fari hanyar ta bi cikin kurmi, duk duwatsu da taɓo da kashin shanu, har ƙauyen La Faba. Daga nan itatuwa suka fara ragewa, sai gajerun ciyayi da saiƙo. Ina wuce Laguna, ƙauye na ƙarshe kafin iyakar Galisiya, sai na ga wani farin abu ya gangaro daga sama kamar hayaƙin gobara. Kafin ka ce kwabo ya rufe ni, ban iya ganin taki goma gabana ba. Gumin da ya jiƙa mini riga ya koma kamar ruwan randa, haƙorana suka shiga kaɗawa.

Na iso wata mararraba, na bi wadda ta fi faɗi. Na yi ta tafiya har wajen minti ashirin, sa'an nan na lura da abu biyu. Na ɗaya, gangara na ke yi, alhali kuwa hawa ya kamata. Na biyu, tun daga Maƙera ko'ina ina ganin 'yar kibiya rawaya da aka zana da fenti a kan dutse ko bango, amma yanzu babu ko ɗaya. Gabana ya faɗi, ga almuru ya kusa. Ina tsaye sai na ji ƙararrawar shanu, wani dattijo ya ɓullo daga cikin hazon da sanda a hannu. Na cire hula na ce, "Baba, Sebirero?" Ya dube ni, ya dubi 'yar rigata, ya girgiza kai. Ba ya jin bakina, ba na jin nasa. Ya kama ni a kafaɗa ya juya ni, ya raka ni har mararrabar, ya ɗora bakin sandarsa a kan wani dutse. Ashe kibiyar na nan, ni ne na wuce ta. Sai wajen ƙarfe takwas na shiga ƙauyen, ina rawar ɗari.

Dalilin Sanyi Da Hazo

Abin da ya same ni ba tsautsayi ba ne, ƙa'ida ce. Iska ta kan rage zafi da misalin digiri 6 da rabi a kowane mita 1,000 na hawa, watau hawan nan kaɗai ya ci mini kamar digiri 4, ban da faɗuwar rana da kaɗawar iska. Ga kuma Tekun Atilantika yamma da Galisiya. Iskar da ke tasowa daga can ɗauke ta ke da laima. In ta iske dutse tilas ta hau, in ta hau ta yi sanyi, laimar ta daskare ta zama gajimare. Abin da na kira hazo gajimare ne sosai, na shiga cikinsa da ƙafa. Shi ya sa gefen yamma ya ke kore shar, gefen gabas kuwa, inda iskar ke sauka bayan ta zubar da ruwanta, ya fi bushewa, har a na gonakin inabi a kwarinsa. Da hunturu dusar ƙanƙara ta kan rufe mashigin.

Gidajen Ƙauyen

Da gari ya waye na fita kallo. Abin da ya fara ɗauke mini hankali shi ne waɗansu tsofaffin ɗakuna da su ke kira palloza. Kai, sai ka ce a ƙauyukanmu ka ke! Kewayayyu ne, da gajeren bango na dutse, da jinka mai tsini da aka yi da karan wani hatsi ɗan'uwan alkama. Amma sun fi namu girma nesa, gama mutane da shanu duk a ciki su ke kwana, an raba tsakani da katako. Kada ku yi dariya, dabara ce. Ɗumin jikin dabbobi ya na taimakon murhu. Bango kewayayye ba ya tare iska, sai ta zagaye shi. Jinka mai tsini ba ta riƙe ruwa ko ƙanƙara. Ba su da mafitar hayaƙi, ta cikin jinkar ya ke tsiyaya, ya busar da ita. Har wajen shekarun 1960 da mutane a cikinsu, amma yanzu an mai da waɗansu gidan adana kayan tarihi. Na kuma ɗanɗana cukun garin, fari ne mai taushi da ɗan tsami, da zuma a ke cinsa.

Majami'a Da Mai Fenti

A gefen ƙauyen akwai 'yar majami'a ta dutse, ta Santa Mariya, wadda tushenta tun ƙarni na 9 ne. An ce dā a kan kaɗa ƙararrawarta ranar hazo don ɓatattu irina. Su na da hikaya cewa wajen shekara ta 1300 wani manomi ya hawo cikin ƙanƙara don ibada, limamin ya raina wahalarsa, nan take gurasa da ruwan inabi suka zama nama da jini. Ƙoƙon na nan a ajiye, Sarki Farnando da Sarauniya Isabela ma sun ziyarci wurin a 1486.

Bayan zamanin nan ziyara ta yi ta ja da baya, hanya ta mutu, ƙauye ya bi ta. A farkon shekarun 1970 akwai shekarar da waɗanda suka karɓi takardar shaidar kammala tafiya a Santiyago ba su kai 100 ba. A 1959 aka turo wani limami, Elías Valiña, wannan ƙauye da kowa ke gudu. Bai zauna ya na kuka da talauci ba. Ya sa aka gyara majami'a da masauki, ya binciki tsofaffin takardu har ya gano inda hanyar ta bi, ya rubuta littafin jagora. A 1984 ya ɗauki bokitin fenti rawaya ya bi hanyar tun daga iyakar Faransa, ya na zana kibiya a mararraba. Ya rasu a 1989, kabarinsa na cikin majami'ar. A 1993 hukumar UNESCO ta sa hanyar cikin kayan tarihin duniya, a 2023 kuwa mutane fiye da 400,000 suka karɓi takardar nan. Na tsaya gaban kabarinsa na daɗe, gama na san kibiyar wa ta fid da ni jiya.

Kashegari na gangara zuwa Triacastela, wajen kilomita 21. A tudun San Roque akwai mutum-mutumin matafiyi na tagulla, ya dafe hularsa ya na fama da iska. A Triacastela ne maziyartan ƙarni na 12 su kan ɗauki dutsen farar ƙasa, kowa guda, su kai shi matoya a Castañeda saboda ginin babbar majami'ar Santiyago. Wannan karo da rigar ruwata a kafaɗa na tafi.

Da yawanku za a tura ku ƙauyukan da mota ba ta zuwa. In kun je, ku tambayi tsofaffi ina tsohuwar hanyar fatake ta bi, ku fita da yara ku taka ta, ku zana ta, tun waɗanda suka sani ba su ƙare ba.

Aiki

1. Tafiya ce ta kilomita 10 da hawan mita 900. Awa nawa za ta ci bisa ƙa'idar Naismith?
2. In zafi digiri 24 ne a gindin dutse, nawa zai zama bayan hawan mita 2,000?
3. Ku kwatanta palloza da ɗakin jinka na garinku. Me yanayin ƙasa ya sa suka bambanta?
4. Ku kawo sunan gari guda a lardinku wanda hanya ta kafa, ku faɗi abin da ya same shi sa'ad da hanyar ta kauce.