Gano Gurɓatattun Filaye da Sake Amfani da Su a Ƙauyukan 'Yan Asalin Alaska

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin yadda ake gano filayen da guba ta gurɓata a ƙauyukan 'yan asalin jihar Alaska ta Amurka, da matsayin da bayanan baka suke da shi a wannan aiki.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1971 gwamnatin Amurka ta yi dokar sasanta haƙƙin ƙasa na 'yan asalin Alaska, wadda ta mallaka wa kamfanoninsu na yanki da na ƙauyuka fili kimanin eka miliyan 44. Daga baya aka gano cewa a cikin abin da aka miƙa akwai tsofaffin sansanonin soja da ma'ajiyar man fetur da gine-ginen makarantu da aka yasar da dattinsu. Dokar muhalli kuwa tana iya ɗora alhakin tsaftacewa a kan mai fili, ko da ba shi ya ɓata ba. Sai a 2018 majalisa ta sauke wa kamfanonin wannan nauyi game da gurɓatar da ta riga miƙawar.

Irin wannan wuri shi ake kira brownfield da Ingilishi, wato filin da guba, ko zargin akwai ta, ya hana a more shi. Kalmar "kufai" ta kusa, sai dai ba ta ɗauke da ma'anar guba. "Juji" kuma ba ta dace ba sam, domin manomin Bahaushe taki yake gani a juji. Saboda haka aka zaɓi "gurɓataccen fili" a wannan maƙala.

2.0 Matakan Ganowa

Binciken hawa biyu ne. A na farko ba a taɓa ƙasa: ana duba tsofaffin takardu da hotunan sama, a zagaya wurin, a yi hira da mazauna. Idan zargi ya yi ƙarfi, sai a shiga na biyu, a ɗebi ƙasa da ruwa zuwa ɗakin gwaji.

Ga mai nazarin al'adu, matakin farko ne abin lura. A ƙauyen da babu hanyar mota, takardu kan yi ƙaranci, don haka dattijon da ya ga inda aka binne ganguna shi ne ma'adanar tarihi. Misali a nan shi ne Northeast Cape a tsibirin St. Lawrence, inda sojan saman Amurka suka yi sansani daga shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1970, suka tafi suka bar man dizal da sinadarin PCB a wurin da al'ummar Yupik ke farauta da kamun kifi. Annie Alowa, ma'aikaciyar lafiya daga ƙauyen Savoonga, ta shafe shekaru tana danganta cutar daji da take gani a cikin jama'arta da wannan wuri, har ita ma cutar ta yi ajalinta a 1999. A ganin wannan maƙala, kuskure ne a ɗauki irin shaidarta a matsayin share fage kawai kafin zuwan masana, tunda ita ce ke nuna wa mai gwaji inda zai haƙa.

3.0 Sake Amfani

Kwashe gurɓatacciyar ƙasa yana da tsada, domin a ƙauyuka da yawa sai jirgin ruwan dako ya fitar da ita, shi kuma ba ya zuwa sai ƙanƙara ta narke. Saboda haka akan fara yanke shawarar abin da za a yi da filin, sannan a tsayar da iyakar tsaftacewa: wurin ajiye kaya bai buƙatar tsaftar filin wasan yara.

A nan ne saɓani ke tasowa. Ma'aunin da hukuma ta saba da shi ya fi dacewa da wanda ke sayen abincinsa a kanti. Mutumin ƙauye kuwa daga rafin da tudun yake cin kifi da 'ya'yan itace, PCB kuma yana taruwa ne a cikin kitsen dabba. Filin da aka rubuta cewa an kammala aikinsa, yana iya kasancewa wurin da har yanzu uwa ba ta yarda ɗanta ya sha ruwansa ba.