Na Ajiye Maganin Damuwa, Jiri Ya Hana Ni Sakat

Tambaya: Shekara ɗaya da rabi ke nan ina shan sertraline, miligiram 50, tun da ciwon damuwa ya kama ni bayan haihuwata ta biyu. Da na samu sauƙi sai na ajiye shi da kaina, don na gaji da gorin da ake yi mini wai ina shan maganin mahaukata. Kwana uku da dainawa sai ga jiri, tashin zuciya, mugayen mafarkai, da wani abu mai fizgata a ka kamar wutar lantarki. Surukata ta ce iska ce. Ni kuwa tsorona kada na kamu da shi irin na masu tramadol. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki: wannan ba iska ba ce, ba kuma shaye-shaye ba ne. Mai tramadol maye yake nema, kullum yana ƙara yawan ƙwaya. Ke kuwa shekara da rabi kina kan miligiram 50, ba ki taɓa kwaɗayin ƙari ba. Ƙwaƙwalwarki ce ta saba aiki tare da maganin, wanda ke taɓa sinadarin serotonin, sai kika janye shi rana ɗaya. Wannan fizgar ta ka, likitoci sun san ta sarai.

Mu ma masu aikin lafiya muna da namu kason laifin. An daɗe ana gaya wa majinyata cewa wahalar barin maganin ta mako ɗaya ko biyu ce. Sai a 2019 hukumar NICE ta Ingila ta gyara ƙa'idarta, ta yarda cewa wasu kan sha wuya sosai, har na tsawon watanni. Magungunan kuma ba ɗaya ba ne. Paroxetine da venlafaxine sun fi wahalar bari domin suna saurin fita daga jini, fluoxetine kuwa yana daɗewa, don haka nasa ya fi zuwa da sauƙi.

Ki koma wurin likitan da ya rubuta miki a cikin makon nan. Galibi zai mayar da ke kan adadin da kike sha, cikin 'yan kwanaki jikinki ya daidaita, sannan a fara ragewa kaɗan-kaɗan, ana barin mako biyu zuwa huɗu tsakanin ragi da ragi. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ƙarshe. Sauka daga 50 zuwa 25 ta fi sauƙi a kan daga 25 zuwa babu, domin ɗan ƙaramin adadin nan yana da tasiri a ƙwaƙwalwa fiye da yadda ake zato. Don haka ƙarshen ne ke son haƙuri, ko da zai ci watanni. Kada ki ce za ki sha yau ki tsallake gobe. Da sertraline hakan wujijjiga jiki kawai yake yi.

Ki kuma lura da bambanci. Alamomin janye magani kan zo cikin kwanaki, galibi a jiki ake jin su, suna lafawa da an koma kansa. Dawowar ciwon damuwa kuwa a hankali take shigowa, bayan makonni ko watanni, da baƙin ciki da rashin jin daɗin komai. Ki riƙa rubuta yadda kika kwana da yadda kika yini, ki nuna wa likita. Ki kiyaye lokacin barci, ki rage kofi da shayi mai ƙarfi, kada ki yi tuƙi da jiri. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana shan magani.

Idan tunanin cutar da kanki ya zo miki, kada ki jira ranar ganin likita; ki gaya wa wani na kusa, a kai ki asibiti nan take. Ranar komawa kuma ki tafi da maigida, ya ji bayanin daga bakin likita, domin shi ne zai iya yi wa masu gorin magana a gida.