DARASI: KANO ZUWA IKKO A JIRGIN SAMA, AWA NAWA NE?

Ya ku fatake da dillalai na Ikara da Maƙarfi da Kudan, darasinmu na yau a kan lissafin tafiya ne. Sau da yawa mutum ya ɗora kwandunan tumatir a mota zuwa kasuwar Mile 12 ta Ikko, ya ce shi zai bi jirgi ya riga kayansa isa. To, a yi lissafin sosai.

Tsakanin Kano da Ikko, in an miƙe ta sama, wajen kilomita 830 ne, watau kamar mil 520. Ta hanyar mota kuwa, a bi Zariya da Kaduna, a haye Kwara a Jebba, a wuce Ilori da Badun, abin ya kai wajen kilomita 1,000. Jirgin fasinja mai injin jet yana cin kamar kilomita 800 a awa. Sai wani ya ce ashe awa guda ce. A'a. Kafin ya tashi sai ya gangara a ƙasa ya jira izini, hawa a hankali yake yi, saukowa ma haka. Shi ya sa ake rubuta wajen awa ɗaya da rabi a tikiti.

Amma fa tikiti bai san da Maƙarfi ba. Daga gida zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, da jiran mota ta cika a tasha da cinkoson cikin birni, ka sa awa biyu da rabi ko uku. A fili ana son ka isa awa ɗaya ko biyu kafin tashi, don awon kaya da bincike. In ka sauka Ikeja, Mile 12 ba ta da nisa, amma cinkoson Ikko yakan ci awa guda ba a ce komai ba. Tara duka ka gani: awa shida ko bakwai ke nan, in komai ya tafi daidai.

Ga kuma inda ake faɗawa. Tumatirin rani yana fara sauka ne cikin hunturu, lokacin da hazo kan rufe Kano. In matuƙi ba ya hangen fili, jirgi ba ya sauka, wanda zai ɗauke ka ke nan bai zo ba. Kana zaune a kujera, motarka ta riga ta shiga kasuwa da asuba, an sayar yadda aka ga dama, ko kaya sun kwana sun yi ruwa. Shawararmu, a watannin Disamba da Janairu kada ka yanki tikitin ranar da mota za ta isa. Tashi kwana guda kafin nan, kuɗin masauki bai kai asarar kwando goma ba.

Masu zuwa Jidda sarin kaya kuma su lura da agogo. Nisan wajen kilomita 3,400 ne, tafiyar kamar awa biyar, amma agogonsu ya riga namu da awa biyu. In ka tashi Kano ƙarfe 10 na dare, ƙarfe 5 na asuba za ka gani a tikiti, ba 3 ba. Wannan lokacin za ka faɗa wa mai taryarka.